An kira maigidana wai ya ƙi amsa sammacin kotu, za a kama shi

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya san kan harkar kotu a nan Amurka ya taimaka mana, hankalina ba a kwance yake ba. Ɗazu da hantsi wani ya kira Baban Hanifa yana kan hanya da fasinja. Ya ce shi mashal ne na kotun tarayya, wato jami'in da ke zartar da umarnin kotu, ya faɗi sunansa da lambar aikinsa, sannan ya karanto masa cikakken sunansa da adireshin gidanmu babu kuskure ko ɗaya. Wai an aiko masa da sammaci ya je ya zauna cikin masu taya alƙali yanke hukunci, abin nan da suke kira juri, bai je ba, shi ya sa alƙali ya sa hannu a takardar kama shi. In yana so a janye sai ya biya dala 1,800 yau ɗin nan, kuma kada ya kashe waya, kada ya gaya wa kowa, ko da ni ce. Caji ne ya ƙare masa, da yanzu ya biya. Mun duba lambar da ta kira, ta kotun ce. Abin da ya fi tayar mana da hankali, da gaske wata takarda ta zo daga kotu kwanakin baya, muka ajiye ba mu buɗe ba. Sun sake kira sau huɗu. Mu biya?

Yaya Bilki:
Wa alaikumus salam. Kada ku biya ko sisi, ƙanwata. 'Yan damfara ne. Kada ma ya sake ɗaga wayar.

Nura:
Anti, gaskiyar Yaya Bilki ce. A ofishin lauyoyi nake aiki, kuma kotunan tarayya kansu sun sha manna sanarwa a shafukansu a kan wannan damfarar. Kotu ba ta kiran mutum a waya ta ce ya biya tara, kuma mashal ba ya sanar da wanda zai kama ta waya balle ya yi ciniki da shi. Batun lamba kuwa, akwai manhajojin da ke sa kowace lamba aka ga dama ta fito a fuskar wayarki, har ta kotu ko ta 'yan sanda. Suna da adireshi ma ba wahalar samu suke ba. Sukan ambaci sunan alƙali na gaske don in kin bincika ki ga akwai shi. Me suka ce a biya da shi?

Maman Hanifa:
Wai ya je kanti ya sayi katin kyauta irin wanda ake sa wa kuɗi, ya karanto musu lambobin bayansa. In bai samu ba, ya je na'urar Bitcoin.

Nura:
To shi ke nan, ta tabbata. Babu kotun da ke karɓar katin kanti ko Bitcoin ko kuɗin da aka tura ta manhajar Zelle a matsayin tara. Yanzu ki ɗauko takardar nan ki buɗe, ki gaya mana abin da aka rubuta a samanta, ban da sunanku da lambobin da ke ciki. Kada ki sa hotonta a nan.

Hajiya Zainabu Kumasi:
'Yata, ki gode wa Allah da cajin nan da ya ƙare. Ni nawa bai ƙare ba. Shekara biyu ke nan ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ɗana, amma yau zan faɗa. Haka aka kira ni, muryar mutum mai natsuwa, bai yi mini tsawa ba. Ya ce yana tausaya mini ne, ba ya son a zo a sa mini ankwa a gaban jikokina. Awa uku yana kan layi, na shiga kanti biyu, na sayi kati na dala 2,500, kuɗin adashen da na ɗauka zan aika gida a rufa ɗaki. Yarinyar da ke kan kanta har ta tambaye ni, Mama, wani ne ya ce ki sayi wannan? Na ce mata a'a, don ya riga ya ce in an tambaye ni in ce na jikokina ne. Da na karanto masa lambobin ya ce in tafi kotu a mayar mini da kuɗin bayan an tantance sa hannuna. Na je. Matar da ke ofishin akawun kotu ta kalle ni, ta ce in zauna, ta kawo mini ruwa. Tun kafin ta yi magana na gane.

Yaya Bilki:
Innalillahi. Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri. Ba wauta kika yi ba, sana'arsu ce tsorata mutane, kuma har 'yan ƙasa da aka haifa a nan suna faɗawa.

Malam Habu:
Allah ya musanya miki da mafi alheri, Hajiya, ya kuma ba ki ladan wannan magana. Shirun da muke yi don kunya shi ne ke ba su damar cin na gaba.

Alhaji Sule Maradi:
Ni dai shekarata 26 a Niyok. Duk takardar da ta zo da maganar juri, kwandon shara nake jefa ta, kuma har yau ba wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Mu da muka zo neman abinci, me ya haɗa mu da shari'ar mutane? Maman Hanifa, ki ce wa maigida ya manta da wayar, ya manta da takardar, ya ci gaba da aikinsa.

Nura:
Baba Alhaji, da girmanka, rabin maganarka na yarda da ita, rabin kuma tana da haɗari. Wayar a manta da ita. Takardar kuwa doka ce. Yadda abin yake a kotun tarayya: suna ɗebo sunaye ta hanyar ƙuri'a daga rajistar masu zaɓe, yawancin kotuna kuma suna haɗawa da jerin masu lasin tuƙi. Da farko sai su aiko da takardar tambayoyi ta gidan waya don su ga ko mutum ya cancanta, ana so a mayar cikin kwana 10, ko a cike ta intanet a shafin kotun. Wanda ya cancanta, wata rana sai sammacin kansa ya zo, shi ma ta gidan waya. Wanda ya ƙi zuwa ba dalili, alƙali na iya umartarsa ya bayyana ya yi bayani, in bayanin bai gamsar ba akwai tara har dala 1,000, ko ɗaurin da bai wuce kwana 3 ba, ko aikin al'umma. Amma a lura: a gaban alƙali ake wannan, cikin kotu, bayan an ba ka dama ka yi magana. Ba a waya ba.

Kuma Baba, jefar da takardar nan ita ce ƙofar da suke shigowa ta ciki. Da Baban Hanifa ya buɗe tasa ya amsa, da aka kira shi ba zai ji ɗar ba. Wanda ya san yana da takarda a ɓoye shi ne ke gaskata su.

Alhaji Sule Maradi:
To Nura, na ji. Amma wa zai ciyar da iyalina in na je na zauna sati biyu?

Rabi'u Direba:
Nan kam ina bayan Alhaji. Dala 50 ake biya a rana. Ni hayar mota da inshora kaɗai sun fi haka kullum, ko na fita ko ban fita ba. Mai albashi ba zai gane ba. Mu ranar da ba mu kunna mota ba, ranar ba mu da komai.

Yaya Bilki:
Rabi'u, ba zan yi maka musu ba, kuɗin ya yi kaɗan. Dala 40 ne ma kafin 2018. In shari'a ta wuce kwana 10 alƙali na iya ƙarawa zuwa 60, ana kuma biyan kuɗin mota, amma ba zai kai abin da kake samu ba. Sai dai akwai hanya, kuma ba kwandon shara ba ce. Kana iya rubuta wa kotu ka nemi a ɗaga maka zuwa wani lokaci, ko a yafe maka saboda matsin da zai jawo maka. Ranar da na je, alƙali da kansa ya tambaya ko akwai wanda tsawon shari'ar zai cutar da shi. Wani mai tura keken sayar da abinci ya ɗaga hannu ya yi bayani, aka sallame shi. Ba a ce kowa za a yafe wa ba, amma ana saurare. Kotuna da yawa kuma suna yafe wa wanda ya haura shekara 70 in ya nema, da wanda ya yi aikin cikin shekara biyu da suka wuce.

Safiya:
Ni tambayata daban ce, kuma ta daɗe tana damuna. Girin kad nake da shi, katin izinin zama na dindindin, ban zama 'yar ƙasa ba, amma takardar tambayoyin ta zo mini. Ban taɓa rajistar zaɓe ba wallahi. Na ji tsoro in na amsa zai shafi takarduna, in ban amsa ba ma haka.

Nura:
Safiya, mai yiwuwa daga lasin tuƙinki suka samo sunan, ba laifi kika yi ba. Ki amsa, ki faɗi gaskiya. Inda aka tambaya ko ke 'yar ƙasa ce ki ce a'a, in sun nemi shaida ki ba su, za su cire ki. Abin da za ki kiyaye da ranki shi ne kada hannunki ya kuskure ki ce e. Iƙirarin zama ɗan Amurka ga wanda ba shi ba ne babban laifi ne a dokar shige da fice, yana iya hana mutum zama ɗan ƙasa, har ya kai ga kora. Iyayenmu da ke ba yara su cike musu takarda, a zauna tare a karanta wannan layin sau biyu.

Sharuɗɗan dai su ne mutum ya zama ɗan ƙasa, ya kai shekara 18, ya yi shekara ɗaya a yankin kotun, ya iya Turanci gwargwadon cike takardar da bin shari'a, kuma babu babban laifi a kansa. Sojan da ke bakin aiki da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana ba a ɗaukarsu.

Maman Hanifa:
Na buɗe. Takardar tambayoyi ce, daga kotun tarayya ta gundumar kudancin Niyok, wadda ke Manhatan. Ba a sa ranar zuwa ba. Amma kwana goman sun wuce tuni. Nura, yanzu ya za mu yi?

Nura:
Alhamdu lillahi, ashe ma ba a kai ga sammaci ba, kin ga ƙaryarsu ta fito fili. Buronks, inda kuke, a ƙarƙashin wannan kotun take, masu zama Burukilin da Kwins kuwa ta gabas ce tasu. Gobe da safe ya kira ofishin juri ta lambar da ke jikin takardar, ko wadda ke shafin kotun, kuma ku tabbata adireshin shafin da gov ya ƙare. Ba lambar da aka kira shi da ita zai danna ya mayar ba, da hannunsa zai buga. Ya ce takarda ta zo ya makara, yana so ya cike. Ya kuma gaya musu an kira shi an nemi kuɗi. Wani abu da zan ƙara don kada a ruɗe: bayan mutum ya shiga tsarinsu, kotu na iya aiko da saƙo ko kira na tunatarwa a kan ranar zuwa. Bambancin shi ne ba za su nemi kuɗi ba, ba za su ce ka karanto lambar soshiyal, wato lambar shaida da gwamnati ke ba mutum don aiki da haraji, ko ta banki ba.

Alhaji Sule Maradi:
Malam Habu, kai nake jira. A bar maganar kuɗi. Ya halatta Musulmi ya zauna ya yanke wa mutum hukunci da dokar da ba ta Musulunci ba? Mun taso muna jin alƙalai uku ne, biyu a wuta. Ni wannan ne ainihin abin da ke hana ni.

Malam Habu:
Alhaji, tsoronka na mai imani ne, ba na raina shi. Malamai sun yi saɓani a kai, kuma ni ba fatawa nake bayarwa ba, fahimtata nake faɗa. Hadisin da ka kawo, biyun da aka yi wa narko su ne wanda ya san gaskiya ya karkace, da wanda ya yi hukunci cikin jahilci. Na ukun, wanda ya san gaskiya ya yi hukunci da ita, an yi masa bushara. To me ake nema a wurin ɗan juri? Ba shi ke kafa doka ba. Ana kawo shaidu a gabansa, a tambaye shi: abin da ake zargin mutumin nan, an tabbatar ya aikata ko ba a tabbatar ba? Wannan ya fi kusa da shaida da tantance gaskiya. Kuma mun yi rantsuwar zama 'yan ƙasa da bakinmu, alkawari ne, Musulmi kuwa ba ya saɓa alkawari. Wanda zuciyarsa ta kasa natsuwa da wata shari'a, ya je ya gaya wa alƙali gaskiyar abin da ke ransa. Abin da ban ga hujjarsa ba shi ne ɓoye takarda ko yin ƙarya a cikinta.

Yaya Bilki:
Malam ya taɓo inda nake so in yi magana. Ni na yi, kwana shida, shari'ar laifi ce. Na tafi da tsoro kamar kowa. Aka tara mu da yawa a wani zaure, aka kira rukuninmu zuwa ɗakin shari'a, alƙali ya yi ta tambayoyi: aikinki, ko kin san wani a cikin masu shari'ar, ko akwai abin da zai hana ki adalci. Lauyoyin kowane ɓangare suna da damar cire wasu. Da hijabina na zauna, ba wanda ya ce in cire. Wajen rantsuwa ba dole a dafa littafin kowa ba, kana iya yin alkawarin faɗin gaskiya kawai. Sallar azahar kuwa lokacin hutun cin abinci nake yi.

Mu 12 ne, kuma doka ta ce sai bakinmu ya zo ɗaya. Ba mu muke yanke shekarun ɗauri ba, wannan na alƙali ne. Wanda ake tuhuma baƙo ne kamarmu, ta bakin tafinta yake magana. Da muka shiga ɗakin shawara, wani dattijo ya ce shi tun farko bai yarda da shi ba, don ko sau ɗaya bai kalli lauya cikin ido ba, kansa a sunkuye. Jikina ya yi sanyi. Na ce masa a inda na fito, yaron da ya zuba wa babba ido shi ne marar kunya, sunkuyar da kai ladabi ne. Ya yi shiru, ya ce bai taɓa sanin haka ba. Daga nan muka koma kan takardu da shaidu, muka yi hukunci da su. Ba zan faɗi yadda ta ƙare ba, ba shi ne abin nufi ba. Amma har yau ina tunanin da ba na ɗakin, wa zai faɗi wannan kalma ɗaya?

Hajiya Zainabu Kumasi:
A Ghana ma akwai shi ai. Shari'ar kisan kai mutum bakwai ke zama tare da alƙali. Ku na Najeriya ne abin ya zame muku baƙo, tunda alƙali kaɗai kuka sani.

Rabi'u Direba:
Yaya Bilki, maganarki ta tuna mini da Amadou Diallo. Ina sabon zuwa lokacin, Fabrairun 1999, harsashi 41 'yan sanda suka harba masa a ƙofar gidansu nan Buronks, ɗan Gini, ba makami a hannunsa. Aka ɗauke shari'ar daga nan aka kai Albani, a 2000 aka wanke su huɗun duka. Mun yi kuka a masallaci. Ban taɓa haɗa wannan da takardar da ke zuwa akwatin gidana ba sai yau.

Nura:
Kawu Rabi'u, waccan a kotun jiha aka yi ta, ba ta tarayya ba, amma ma'anar ɗaya ce: waɗanda suka zauna a kujerun nan su ke yankewa. Dokar 1968 da ta tsara zaɓen juri a kotunan tarayya cewa ta yi a ɗebo daga kowane ɓangare na al'umma, kuma ta hana ware mutum don launin fata ko addini ko asalin ƙasa. A 1986 Kotun Ƙoli ta hana mai gabatar da ƙara cire mutum saboda launinsa kawai. Baƙaƙen ƙasar nan sun sha wuya kafin a buɗe wannan ƙofa. Ciwo nake ji in ga mu da kanmu muna rufe ta.

Alhaji Sule Maradi:
Ban ce na sauya ra'ayi duka ba. Har yanzu ina ganin nauyi ne babba, kuma talaka ake ɗora wa asarar. Amma ba zan ƙara cewa kowa ya jefar ba. Tambaya ɗaya: ɗana yana aikin sito, mai wurin ya taɓa ce musu wanda ya tafi juri ya nemi wani aikin. Yana da wannan ikon?

Nura:
Ba shi da shi, Baba. Dokar tarayya ta hana korar ma'aikaci na dindindin ko yi masa barazana saboda aikin juri. Wanda ya yi, kotu na iya sa shi ya mayar da ma'aikacin, ya biya albashin da ya rasa, ga tara har dala 5,000. Abin da dokar tarayya ba ta tilasta ba shi ne ya biya shi albashin kwanakin da ya yi a kotu, wannan ya danganta da wurin aiki da dokar jiha. In ta taso, ɗanka ya sanar da ofishin juri tun da wuri, ya kuma ajiye duk saƙon da aka rubuta masa.

Safiya:
Su waɗannan masu kiran, ba a kama su ne?

Nura:
Ana kamawa. An gurfanar da wasu da aka gano daga cikin gidajen yarin jihar Jojiya suke kiran, da wayoyin da aka shigar musu a ɓoye, abokansu na waje suna kwashe kuɗin. Yin sojan gona da sunan jami'in tarayya kaɗai laifi ne mai ɗaurin har shekara 3. Amma sai an kai ƙara. Ana kaiwa ofishin akawun kotu, da FTC, hukumar tarayya mai kare masu sayayya, da sashen hukumar binciken laifuka ta FBI mai karɓar ƙorafin laifukan intanet. Hajiya, ko yanzu kina iya kai naki. Wanda kuma abin ya same shi yau, ya kira kamfanin katin nan take da rasit a hannu, wani lokacin ana riskar kuɗin kafin a cire.

Hajiya Zainabu Kumasi:
Rasit ɗin suna nan, ban yar ba. Nura, in ka samu lokaci ranar Asabar ka biyo ka taya ni cikewa. Malam, don Allah a faɗe ta bayan sallar Juma'a, da Hausa, da Zabarmanci in akwai mai fassarawa. Tsofaffinmu da yawa ba sa cikin wannan zauren.

Malam Habu:
In sha Allahu za a faɗa. Nura, ka rubuto mini a taƙaice yadda ba zan yi kuskure ba.

Maman Hanifa:
Jama'a, barkanmu da safiya. Baban Hanifa ya kira ofishin juri ƙarfe tara. Matar ta duba ta ce babu wata takardar kamu, babu tara, ya shiga shafinsu ya cike tambayoyin yau. Ta rubuta lambar da aka kira shi da ita da sunan da mutumin ya yi amfani da shi. Mun cike tare, Hanifa na karanta mana. Ɗazu mutumin ya sake kira, bai ɗaga ba. Ya ce in tambayi Yaya Bilki, in sammacin ya zo, ana barin mutum ya shiga da waya ko a ƙofa ake karɓa, kuma ƙarfe nawa ya kamata ya bar gida.